Barci, motsa jiki, zafin rai da tunanin kashe kai a tsakanin matasa: tambayoyi da amsoshi

Iyaye da malamai sukan kawo ƙorafi iri ɗaya a kan matashi: da dare idonsa biyu, da rana yana kwance kamar wanda zazzaɓi ya kayar, kuma abu kaɗan sai ya hau sama. Yawanci akan ɗauki kowanne a matsayin matsalar tarbiyya, a yi faɗa, a wuce. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa suna kallon abubuwan a haɗe, domin bincike ya sha nuna cewa idan suka taru a kan yaro ɗaya, haɗarin ya cutar da kansa yana ƙaruwa. Wanda yake da yaron da ya riga ya furta maganar mutuwa, ya tsallake zuwa tambayoyin ƙarshe tukuna, sauran za su jira shi.

Shin abin ya kai girman da za a tsaya a kansa?

Ya kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 720,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma a ƙididdigar 2021 wannan ne na uku a jerin abubuwan da suka fi kashe 'yan shekara 15 zuwa 29. Kashi 73 cikin ɗari na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke faruwa, saboda haka masu cewa ciwon 'ya'yan masu kuɗi ne sun yi kuskure. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. A yawancin ƙasashe 'yan mata sun fi yin yunƙuri, samari kuma sun fi mutuwa.

Me ya haɗa barci da wannan magana?

A 2018 masu bincike a wani asibitin koyarwa na birnin Boston a Amurka suka duba amsoshin ɗaliban sakandare fiye da 67,000 da aka tattara tsakanin 2007 da 2015. Sama da kashi 70 cikin ɗari ba sa samun awa 8 na barci a daren makaranta. Waɗanda barcinsu bai kai awa 6 ba sun ninka masu awa 8 fiye da sau uku wajen cewa sun yi tunanin kashe kansu, ko sun tsara yadda za su yi, ko sun gwada. Faɗa, riƙe makami, shaye-shaye da tuƙin ganganci su ma sun ƙaru a wurinsu, amma alaƙar da ta fi kowacce ƙarfi ita ce ta baƙin ciki da cutar da kai.

Akwai wani binciken na jami'ar Columbia da aka buga a 2010, wanda ya fi shafar iyaye kai tsaye. An duba matasa fiye da 15,000, aka kwatanta su bisa lokacin da iyayensu suka yanka musu na kwanciya. Waɗanda aka bari har ƙarfe 12 na dare ko fiye sun fi masu kwanciya ƙarfe 10 yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa da kashi 24 cikin ɗari, tunanin kashe kai kuma da kashi 20. Yawancin yaran sun ce suna bin lokacin da aka sa musu, abin da iyaye da yawa ba za su yi tsammani ba.

To awa nawa ya kamata matashi ya yi?

Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ma'auni a 2016: 'yan shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12, 'yan shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10. Wanda zai tashi ƙarfe 6 na safe ke nan ya kamata a ce barci ya ɗauke shi kafin ƙarfe 10 na dare.

Yarona ba ya jin barci sai dare ya raba, da safe kuma sai an yi da gaske kafin ya tashi. Lalaci ne?

Ba lallai ba ne. Jikin mutum yana da agogonsa na ciki, kuma da duhu ya yi ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari da ake kira melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa dare ya yi. Mary Carskadon ta jami'ar Brown da abokan aikinta sun shafe shekaru suna auna wannan a jikin yara, suka ga cewa da balaga ta kama, lokacin sakin sinadarin yana ja baya, a wasu har kusan awa biyu. Gajiyar da ke taruwa tun safe ita ma ba ta saurin danne matashi kamar yadda take danne ƙaramin yaro. Wanda a shekara 10 yake gyangyaɗi ƙarfe tara, a shekara 15 zai iya kaiwa sha ɗaya garau, alhali buƙatarsa ta barci ba ta ragu sosai ba, ƙararrawar makaranta kuma ba ta matsa ba. Kullum sai ya kwana da bashin awa ɗaya ko biyu, kafin mako ya ƙare bashin ya yi nauyi.

Wannan ba ya wanke yaron da ke kallon bidiyo har ƙarfe uku. Sai dai ya kamata uba ya san cewa idan ya ce "kwanta ka yi barci" yaro ya ce "Baba, wallahi ba ya zuwa", mai yiwuwa gaskiya yake faɗa.

Ta yaya rashin barci ke sa mutum saurin fushi?

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, amigidala, mai saurin ankarar da mutum idan ya ga barazana ko raini. A bayan goshi kuma akwai sashen da ke auna abu, ya ce dakata, duba abin da zai biyo baya. Na farkon kamar totur ne, na biyun birki. A jikin matashi totur ya riga ya gama haɗuwa, birkin kuwa ba ya kammala sai an kai wajen shekara 25. A 2007 Matthew Walker, masanin barci a Amurka, da abokan aikinsa suka hana wasu samari da 'yan mata barci na kusan awa 35, sannan suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali suna cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Amigidalar waɗanda ba su yi barci ba ta fi ta waɗanda suka yi barci zabura da kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma sadarwarta da sashen goshin ta yi rauni.

A gida ga yadda abin yake fitowa. Yarinya 'yar shekara 16 ta kwanta ƙarfe biyu, an tashe ta ƙarfe shida. Ƙanenta ya ɗauki cajarta ba da izini ba, abin da a makon jiya tsaki kawai za ta yi a kansa. Yau sai ta fizge, ta ture shi, mahaifiya ta yi magana, ta mayar da amsar da ba ta taɓa mayarwa ba, ta buga ƙofa. Da yamma tana kwance tana jin kunyar kanta, tana cewa ni dai ba ni da kirki, kowa ya gaji da ni. Wannan tunanin zai hana ta barci a daren, gobe kuma a sake. Gajiyayyen mutum yakan kuma karanta fuskar mutane ba daidai ba, kallon da babu komai a cikinsa ya gan shi harara.

Rashin barcin ne ke jawo damuwa, ko damuwar ce ke hana barci?

Duka biyun suna faruwa, kuma a nan ake buƙatar taka-tsantsan. Yawancin alƙaluman da ke sama sun nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne, ba su tabbatar da wanda ya haifi wani ba. Yaron da ake zalunta a makaranta, ko wanda iyayensa ke rigima kowane dare, zai rasa barci kuma zai shiga ƙunci, tushen duka biyun ɗaya ne. Amma nazarin da ya bi matasa tsawon lokaci ya nuna sau da yawa rashin barcin ke riga zuwa, kuma alaƙarsa da tunanin kashe kai ba ta ɓacewa ko an cire tasirin ciwon damuwa a lissafi.

A 2017 Rebecca Bernert ta jami'ar Stanford ta ɗaura wa matasa 50 da suka taɓa irin wannan tunani ko yunƙuri na'urar auna barci a hannu. Abin da ya fi nuna wanda tunaninsa zai tsananta bayan mako ɗaya da bayan mako uku shi ne rikicewar lokaci, wato yau ya kwanta sha ɗaya, gobe ƙarfe huɗu, jibi ƙarfe ɗaya. A ganina darajar barci a wannan magana ita ce ana iya ganinsa. Uwa ba za ta iya leƙa zuciyar ɗanta ba, amma za ta ga hasken ɗakinsa ƙarfe uku na dare.

Wanda ke faɗa da mutane ai a waje yake sauke fushinsa. Ta yaya zai juya kan kansa?

Wannan zaton ya sa ake tsallake yara da yawa. Mutane sun ɗauka mai haɗari shi ne shiru-shiru, mai kuka a ɓoye, mafaɗaci kuwa horo kawai yake buƙata. Likitoci sun daɗe da ganin akasin haka. A 1976 Marie Åsberg a ƙasar Suwidin ta gano cewa masu ciwon damuwa da suka yi yunƙurin kashe kansu suna da ƙarancin abin da serotonin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da yanayin rai, ke bari a ruwan laka. Bayan shekara uku masu bincike a Amurka suka sami irin wannan ƙarancin a jikin sojojin da suka yi suna wajen faɗa. Sinadari ɗaya ba ya bayyana halin ɗan Adam gaba ɗaya, amma sakamakon ya nuna cewa kai wa wani hannu da kai wa kai hannu suna da jijiya ɗaya, wato gaza tsayawa tsakanin jin abu da aikata shi.

Sannan ciwon damuwa a jikin matashi ba kullum yake zuwa da hawaye ba. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi wajen gano cuta ya yarda cewa a yara da matasa, yawan ƙufula da jin haushin komai na iya tsayawa a madadin baƙin ciki. Ga samari musamman, waɗanda aka koya wa cewa namiji ba ya kuka, fushi ne kaɗai ƙofar da aka bar musu a buɗe.

Thomas Joiner, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya kawo wani bayani a 2005 da ke taimakawa a nan. Ya ce son mutuwa yakan taso idan mutum ya ji ba shi da kowa kuma ya ji ya zama kaya a wuyan mutanensa, amma aikatawa tana buƙatar abu na uku, wato sabo da ciwo da raguwar tsoronsa. Mafaɗacin yaro yana tara duka ukun ba tare da kowa ya lura ba: abokai sun guje shi, a gida kullum ana ce masa ya ishi mutane, jikinsa kuma ya saba da duka da jini. Haka nan a maganar cin zali a makaranta, wanda ake zalunta yana cikin haɗari, mai zaluntar ma haka, wanda kuma ya haɗa biyun, ana cin zalinsa yana cin na wasu, shi ya fi kowa.

Wace irin matsalar barci ce ta fi tayar da hankali?

Mugun mafarki mai maimaituwa, musamman ga wanda ya taɓa ganin tashin hankali ko aka ci zarafinsa. Sai kasa yin barci na makonni, da farkawa cikin dare a kasa komawa. Zaman ido biyu a tsakiyar dare shi kansa haɗari ne, domin a lokacin tunani ya fi duhu, kuma duk wanda za a kira yana barci. Idan kuma yaro ya kwana biyu ko uku kusan ba barci amma bai gaji ba, yana ta surutu da manyan tsare-tsare, wannan wata larura ce dabam da ke buƙatar likita da wuri. Mai minshari da ƙarfi, wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, shi ma a duba shi, domin toshewar hanyar numfashi na sa yaro rashin natsuwa da rigima da rana.

Ina motsa jiki ya shigo?

Ta hanyoyi da dama. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 a rana na motsin da ke sa numfashi ya ƙaru, kuma sau uku a mako a haɗa da mai ƙarfi da wanda ke gina tsoka da ƙashi. Wani nazari da ya duba ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan, 'yan mata kashi 85, samari kashi 78.

Amfani na farko shi ne barcin kansa. A ƙasar Suwizalan an raba matasa 51 gida biyu, rabi suna gudun minti 30 kowace safiyar ranar makaranta har mako uku. A ƙarshe masu gudun sun fi saurin yin barci, barcinsu mai nauyi ya ƙaru, hankalinsu a aji ya fi tattaruwa. Hasken safe da suke sha a waje ma yana da nasa aikin, domin shi ke jawo agogon jiki ya dawo da wuri. Na biyu, gwaje-gwaje da yawa sun nuna motsa jiki na rage alamun ciwon damuwa mai sauƙi da matsakaici a matasa. Na uku, kuma wataƙila mafi muhimmanci, wasan ƙungiya yana ba yaro wurin da ake jiransa. Idan bai zo atisaye ba wani zai tambaya ina yake, kuma wannan ya taɓa ainihin jin nan na ba ni da kowa.

Duk da haka, shaidar cewa motsa jiki shi kaɗai yana hana kashe kai ba ta kai ƙarfin ta barci ba. Kada a ce wa yaron da ke maganar mutuwa ya je ya buga ƙwallo zai warware.

Idan ya fusata, in ce ya je ya naushi buhun dambe ya huce?

A'a. Mutane da yawa sun yarda cewa fushi sai an fitar da shi, amma gwaji bai goyi bayan haka ba. A 2002 Brad Bushman, mai bincike a kan fushi a Amurka, ya fusata ɗalibai 600 da gangan ta hanyar kushe rubutunsu. Wasu aka ba su buhu su nausa suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu aka ce su zauna shiru na minti biyu. Masu naushin sun fi jin haushi daga baya, kuma da aka ba su damar ramawa sun fi tsanantawa. A 2024 shi da abokiyar aikinsa suka tattara nazari 154, suka ga abin da ke kwantar da bugun zuciya, irin su jan numfashi a hankali, sassauta gaɓoɓi da ƙirga lamba, shi ke rage fushi. Gudu a daidai lokacin da rai ke tafasa bai taimaka ba, wasannin ƙwallo kuwa sun taimaka.

Bambancin ke nan: motsa jiki na kullum yana gyara yanayin mutum a tsawon makonni, amma a minti biyar ɗin da ido ya rufe, abin da ake so shi ne a bar wurin, a zauna, a ja numfashi.

Motsa jiki na iya yin illa?

Yana iya yi. Wanda ke atisaye kamar dole, ko ya ji rauni ba ya hutawa, yana kuma rage cin abinci don ya rame, mai yiwuwa larurar cin abinci ce ke damunsa, kuma tana cikin larurorin da ke da haɗarin kashe kai sosai. Ƙwayoyi da alluran kumbura tsoka suna kawo zafin rai, kuma idan aka daina su ƙunci mai tsanani kan biyo baya. Buguwar kai a wasa na iya canza barci da hali na makonni. Ɗan wasan da ya ɗora rayuwarsa duka a kan wasa, ranar da ya karye ko aka cire shi daga ƙungiya, a sa masa ido.

Laifin waya ne?

Tana da nata kason. Hasken fuskarta na jinkirta melatonin kaɗan, amma abin da ke cikinta ya fi hasken ɓarna: wasan da ba ya ƙarewa, saƙon da ake jiran amsarsa, zagin da aka yi wa yaro a zauren hira ƙarfe ɗaya na dare yana karantawa shi kaɗai. Dokar da ta fi aiki ita ce waya ta kwana a wajen ɗakin barci, ta kowa da kowa har da ta iyaye, domin yaro ba ya bin dokar da mai kafa ta ke karyawa. Ƙwace waya a matsayin horo ga yaron da ke cikin ƙunci kuwa yana iya yanke shi daga abokin da shi kaɗai yake gaya wa damuwarsa, don haka a yi shawara da shi. Kofi da lemukan ƙara kuzari su ma a bar su tun da rana, domin bayan awa biyar kusan rabin kafen ɗin, wato sinadarin cikinsu mai hana barci, yana nan a jini.

Ramuwar barci a ƙarshen mako tana biya?

Tana rage gajiya, amma wanda ya kai azahar yana barci ranar hutu ya sake tura agogonsa baya, daren komawa makaranta kuma barci ya ƙi zuwa. Kada tazarar lokacin tashi ta wuce awa ɗaya zuwa biyu.

Makarantu fa, akwai abin da za su yi?

A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada sakandare ta fara darasi kafin 8:30 na safe. Birnin Seattle ya matsar da lokacin shiga daga 7:50 zuwa 8:45 a 2016, aka auna aka ga ɗalibai sun ƙara kimanin minti 34 na barci, ba su kuma ƙara daren da suke yi ba. Jihar Kalifoniya ta mayar da abin doka, ta fara aiki a 2022. Inda ba za a iya canza lokaci ba, malami zai iya aƙalla ya tambayi ɗalibin da ke gyangyaɗi da faɗa yadda yake kwana kafin ya kore shi, kuma kada a riƙa cinye lokacin wasanni da ƙarin darasi.

Waɗanne alamu ne ke nuna abin ya wuce ƙuruciya?

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuska takan ɓoye, gara a kalli canji. Yaro ya bar abin da yake so, ya janye daga abokai, karatunsa ya faɗi, barcinsa ya rikice, haushinsa ya ƙaru, kuma abin ya wuce mako biyu. Sai kalamai irin su "da ba ni ai kun huta", "na gaji da komai", "ba za ku ƙara ganin matsalata ba". Rabar da kayan da yake ji da su, neman gafarar mutane ba dalili, yanka ko ƙuna a hannu da ake rufewa da doguwar riga, fara shaye-shaye. Natsuwar da ta sauko kwatsam bayan dogon ƙunci ita ma abin tsoro ce, domin wani lokaci alama ce ta an yanke shawara. Wanda ya taɓa yunƙuri a baya ya fi kowa buƙatar kulawa, haka kuma kwanakin da suka biyo bayan abin kunya, kora daga makaranta, faɗuwa jarrabawa, rabuwa da masoyi ko babbar rigima a gida.

In na tambaye shi kai tsaye, ba cusa masa tunanin zan yi ba?

Ba za ka cusa masa ba. Wata mai bincike, Madelyn Gould, ta gwada wannan a 2005 a kan ɗaliban sakandare fiye da 2,000 a jihar New York. An yi wa rabi tambayoyi a kan kashe kai, rabi ba a yi musu ba. Waɗanda aka tambaya ba su fi sauran shiga damuwa ko tunanin ba, masu ciwon damuwa a cikinsu ma sun ɗan fi samun sauƙi.

A zaɓi lokacin da babu kowa, ana tafiya ko ana wani aiki tare, ba sai an zauna ido cikin ido ba. Uwa za ta iya cewa, "Na ga kwanan nan ba ka barci, ranka kuma a ɓace yake. Ba faɗa zan yi maka ba. Akwai lokacin da kake jin gara ka mutu? Ka taɓa tunanin kashe kanka?" Idan ya ce, "Umma, ni ma ban san me ke damuna ba", kada a cike shirun da wa'azi ko da lissafin abin da aka kashe a kansa. A ce, "To gaya mini yadda kake ji, ina saurare." Tsoratarwa da kunyatarwa ba sa cire tunanin, bakin yaron kawai suke rufewa.

Ya ce e. Me zan yi yanzu?

A tambaye shi ko ya tsara yadda zai yi da lokacin da zai yi. Idan ya tsara, ko ya riga ya sha wani abu ko ya ji wa kansa rauni, a tafi sashen gaggawa na asibiti nan take, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. Idan bai tsara ba, a nemi ganin likita ko ma'aikacin lafiya cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yi masa alkawarin rufa asiri.

A kuma kwashe duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, magunguna, guba, makami, a kulle ko a fitar daga gidan. Wannan matakin ya fi yadda ake zato ƙarfi. A birnin Houston na Amurka an tambayi mutum 153 'yan shekara 13 zuwa 34 da suka tsira daga yunƙuri mai tsanani, kusan ɗaya cikin huɗu suka ce tsakanin yanke shawara da aikatawa bai kai minti biyar ba. Ƙasar Sri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafiya guba, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015. Guguwar takan wuce idan babu abin yi a kusa, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba ta wannan hanyar suke mutuwa daga baya ba.

A ba shi maganin barci?

Ba tare da likita ba, a'a. Wasu ƙwayoyin barci suna kama jiki, wasu suna rage kamun kai, kuma ajiye su kusa da mai irin wannan tunani haɗari ne. Abin da ake fara gwadawa shi ne gyaran ɗabi'ar barci: lokacin tashi ɗaya kullum, fita cikin hasken safe, gado don barci kawai, idan kuma an kai kamar minti 20 barci bai zo ba a tashi a zauna cikin haske marar ƙarfi sai ya zo. Idan likita ya rubuta maganin ciwon damuwa, a sani cewa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi game da yara 'yan ƙasa da shekara 18 a 2004, ta faɗaɗa shi a 2007 zuwa 'yan shekara 24, cewa a makonnin farko tunanin kashe kai na iya ƙaruwa a wasu ƙalilan. Manufar gargaɗin ita ce a sa ido, a koma wurin likita idan an ga rashin natsuwa ko ƙarin zafin rai. Babba ne zai riƙe maganin yana bayarwa, kuma ba a dainawa kwatsam.

Ni ne matashin. Dare ne, kuma tunanin ya dame ni. Me zan yi?

Tashi daga inda kake, ka kunna fitila, ka je inda wani yake ko da barci yake yi, ka tashe shi. Ba sai ka iya bayani mai tsawo ba, ka ce, "Ba na jin daidai, ina tunanin cutar da kaina, zauna da ni." Idan akwai abin da ka tanada, ka miƙa masa ya tafi da shi. In babu kowa a gidan, kira wanda ka yarda da shi, yayanka, malaminka ko mahaifin abokinka, ko lambar agajin gaggawa ta ƙasarku. Kada ka sha giya ko ƙwaya don ka samu barci. Ƙwaƙwalwar da ta kwana uku ba hutu tana nuna maka abubuwa sun fi yadda suke muni, saboda haka duk wata shawara a ɗage ta. Da gari ya waye ku tafi asibiti tare, ka gaya wa likita abin da ka gaya wa wanda ka tasa, har da kwana nawa ka yi ba barci.